Hannun da Ya Ƙi Ɗaguwa

Da daminar 2022 uwargida ta zame a bakin famfo, a gidan da muke haya a Sabon Gari, ta dafa ƙasa da hannun dama. Muka ce targaɗe ne a kafaɗa, muka kira mai ɗori. Ya ja, ya murza, ya ɗaure. Wata biyu suka wuce, ba ta iya ɗaura ɗankwali, ba ta iya tuƙa tuwo, da dare kuwa ba barci. Ɗinkin da take yi, wanda yake tallafa wa ɗan albashinmu na koyarwa, ya tsaya cak.

Sai muka tafi Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa tun 1959. Hoton ƙashi bai nuna karaya ba. Da aka ɗauki wani hoton mai nuna nama, likita ya ce jijiya ce ta yage. Ya bayyana mana cewa tsokoki 4 ne, kowacce da jijiyarta, suke riƙe kan ƙashin dantse cikin gurbinsa. In ɗaya ta rabu da ƙashin, ɗori ba ya mayar da ita. In kuma an daɗe, sai ta janye, tsokar ta shanye, gyara ya yi wuya. Kunya ta kama mu, gama mu ne muka yi ta cewa a ƙara jira, don tsoron kuɗi.

Ba kowace yagewa ce take bukatar tiyata ba, amma tata sai da aka yi. Aka ɗinke jijiyar a jikin ƙashin. Mun zaci an gama, ashe an fara ne. Mako 6 hannun yana rataye a wuya. Bayan haka watanni muna kai ta wurin masu gashi, suna koya mata motsa shi kaɗan kaɗan. Mu da yara muka koyi girki da wanki, matan zumunta kuma suka riƙa zuwa yi mata kitso. A nan muka gane yawan aikin da hannun nan yake yi mana, ba mu taɓa godiya ba.

A wata na 8 ta koma kan kekenta.

'Yan'uwa, in wani ya faɗi a gidanku, hannu ya ƙi ɗaguwa har kwanaki, kada ku jira kamar yadda muka yi. Ku kai shi asibiti. In an yi aikin kuma, ku karɓi aikin gida da murna, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.