Kukan da tramol ke gadar wa jariri

Akwai wani irin kukan jariri wanda nono ba ya tsai da shi, goyo ma haka. Kuka ne mai tsini, babu hutu. Jiki na rawa, gaɓoɓi a ƙage, ga atishawa da hamma, ga amai da zawo. Yaro ya cafki nono kamar mayunwaci, amma ya kasa tsotsa. Kaka ta ce maye ne, maƙwabciya ta ce iska ce. Wani zubin kuwa jikin yaron ne ke biɗar ƙwayar da ya saba da ita tun yana ciki.

Tramol da kodin da heroyin dangin juna ne, kuma duk suna ƙetare mabiyiya su shiga jinin ɗan tayi. Ranar da aka yanke cibi, ranar aka yanke masa abin da ya saba. Alamun kan bayyana cikin kwana 1 zuwa 3, sau da yawa bayan mai jego ta baro gidan haihuwa. A ƙasar da tramol ya kai har teburin mai goro da taba, wannan magana ba ta nesa ba ce.

Amurka, wadda irin waɗannan ƙwayoyi suka yi wa ɓarna mai yawa, ta daɗe tana fama da lamarin. A 1975 wata likita a birnin Filadelfiya, Loretta Finnegan, ta tsara ma'auni mai alamu 21. In maki ya hau, sai a ɗiga wa jariri mofin a baki, ana ragewa sannu a hankali. Hanyar ta ceci rayuka, amma yaro kan share mako 3 cikin ɗaki mai fitilu da ƙarar na'urori, nesa da uwarsa.

Daga baya likitocin jami'ar Yale suka taƙaita abin ga tambaya 3: yana shan nono? yana barci? yana lallasuwa? Suka mai da jariri ƙirjin uwarsa, cikin ɗaki marar hayaniya, a naɗe cikin zane. Zaman asibiti ya sauko daga kwana 22 zuwa 6. Waɗanda ake ba mofin suka ragu daga 98 cikin 100 zuwa 14. A 2023 gwaji cikin asibitoci 26 ya tabbatar da amfanin hanyar. Abin murmushi, zane da goyo da ɗakin jego ba baƙin abu ba ne a Maraɗi ko Tawa.

Abin da ke wuyar samu shi ne gaskiya daga bakin uwa. Tana tsoron miji, tana tsoron habaicin kishiya, tana tsoron saki. Ungozomar da ta tarbe ta da tsawa kuwa ta kulle bakin ke nan. Alhali shirun yana da haɗari. Naloksan, maganin da akan yi wa allurarsa don karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi, yana iya jefa irin wannan jariri cikin farfaɗiya. Mai cikin da ta bar ƙwaya farat ɗaya, ita kaɗai a ɓoye, tana iya yin ɓari ko ta haifi bakwaini. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son a riƙe ta da metadon ko bufirenofin ƙarƙashin kulawar likita, har ta sauka, ta kuma shayar da ɗanta.