Dajin Da Bai Wuce Ƙugu Ba

Ya ku 'yan makaranta, duk wanda ya buɗe taswirar Afirka ya bi gaɓar yamma da yatsa har ƙasa, zai tarad da wani ɗan tsinin ƙasa ya miƙe cikin teku, kudu da birnin Kef Tawun, a Afirka ta Kudu. Shi ne Tsinin Kyakkyawan Fata, wanda Bartolomiyu Diyas, Baturen Fotugal, ya kewaye da jiragensa cikin shekara ta 1488. Labarin jiragen kun sha ji wajen malamanku. Mu yau labarin dajin da ke bisa tsinin za mu ba ku, gama mun taka shi da ƙafafunmu, muna kuwa ganin baƙi ba su yi masa adalci.

Tun cikin 1939 aka keɓe wurin, aka hana farauta da sara, cikin 1998 kuma aka gama shi da babban gandun da ya kai har Dutsen Tebur. Daga birni tafiyar kamar mil 40 ce. Kullum motoci na kwararo baƙi, amma yawancinsu abu guda ke kawo su: su hau wajen tsohuwar hasumiyar fitila, a ɗauke su hoto, su juya. Hasumiyar nan ma abin dariya gare ta. An gina ta can ƙoli don a hango ta daga nesa, ashe hazo zai riƙa rufe ta, har wani jirgin Fotugal ya farfashe a duwatsu cikin 1911, sa'an nan aka gina wata daga ƙasa. To, in ka tambayi baƙin nan abin da suka gani a hanya, sai su ce, "Ba kome, ba zaki, ba giwa, sai 'yan itatuwa gajeru kamar filin sabara."

Gaskiyarsu ce wajen gajarta. Iyakar ganinka ba itacen da za ka fake a inuwarsa, yawanci daga gwiwa sai ƙugu. Ƙasar rairayi ce maras ƙarfi, ruwa sai da sanyi ya ke sauka, watau wajen watan Yuni zuwa Agusta, da bazararsu kuwa iskar kudu maso gabas ta yi ta bugu har mutum ya dafe hula. Mutanen ƙasar suna kiran irin wannan daji fainbos, watau daji mai ƙananan ganye. Amma ku ji abin mamaki. Cikin wannan ɗan gandu kaɗai an ƙidaya irin tsire-tsire fiye da 1,000, a yankin Kef duka kuwa wajen iri 9,000, kashi biyu cikin uku nasu babu su ko'ina a duniya sai nan.

Saboda haka dabarar yawo a nan dabam ta ke. Muka bar mota, muka bi wata 'yar turba mai gangarawa bakin teku, muka yi ta tafiya kamar masu neman allura. Inda mai sauri zai wuce da taki uku, nan muka durƙusa, muka ƙirga iri bakwai a wurin da buzu guda zai rufe. Ga wani mai furanni ƙanana kamar ƙararrawar wuyan akuya, ga wani tsaye siriri ba ganye, wanda a ke jinka da shi, ga kuma furotiya, mai fure kamar ƙoƙo, wadda babbar cikinsu ita ce furen ƙasar Afirka ta Kudu. Muna nan shiru sai ga wani tsuntsu, wutsiyarsa ta fi jikinsa tsawo, ya sauka bisa furen, ya cusa baki yana shan zaƙin ciki, ya ɗago goshi duk gari. Garin nan zai kai wa furen gaba, ladan abincinsa ke nan. Kunkuru kuma ya ratsa gabanmu, bai ko kula mu ba.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne sha'anin wuta. Mun bi ta wani gefe da gobara ta ci, sandunan itatuwa baƙi ƙirin, amma ƙarƙashinsu tsiro ya rufe toka kore shar. Wannan daji ba ya sabunta sai da wuta, kamar bayan shekara 10 ko 15. Waɗansu furotiya su kan riƙe 'ya'yansu a dunƙule shekara da shekaru, sai wuta ta kashe uwar kāna su buɗe, iri ya zube bisa toka. Waɗansu tsire-tsire kuwa tururuwa suka ɗauka aiki. Kowane ƙwayar iri tana da ɗan kitse a gefe, tururuwa ta ja ta zuwa rami don kitsen, ta cinye, ta bar ƙwayar a binne inda ɓera ba ya gani, wuta ba ta kaiwa. Cikin 1990 masanan ƙasar suka tabbatar hayaƙi kansa ya kan ta da waɗansu iri daga barci. Amma kada wani ya ce ashe cinna wa daji wuta alheri ne. In ta dawo da wuri, tun itatuwa ba su yi 'ya'ya ba, sai zuriya ta yanke.

Abokan gāban dajin nan ba da gatari suka zo ba. Cikin ƙarni na 19 aka kawo waɗansu itatuwa dangin bagaruwa daga Ostiraliya don su riƙe rairayi, suka yi abin kaza da aka ba ta wurin kwana, suka mamaye fili, suka shanye ruwa, wutarsu kuma ta fi ta da zafi. Tun 1995 gwamnatin ƙasar ta ɗauki dubban mutane aikin sare su. Akwai kuma wata ƙaramar tururuwa baƙuwa daga Ajantina, ita ta kan ci kitsen ta yar da ƙwayar a sarari, ga shi tana korar tururuwar gida.

Namun daji fa? Akwai su, sai dai ba da yawa ba, gama ganyen ba shi da maiƙo. Mun ga jimina tana kiwo dab da kumfar teku, abin da ido ya kan jima bai yarda da shi ba. Mun ga bontebok, wani irin mariri mai launin goro da farar fuska. Da ƙyar ya tsira: sa'ad da aka yi masa gandu na kansa cikin 1931 'yan tsiraru suka rage. Abin da ya taimake shi tun farko, ba ya iya tsallake shinge, manoma suka killace shi cikin gonakinsu. Wani ɗan'uwansa mai shuɗin gashi bai sami wannan gata ba, wajen 1800 aka harbe na ƙarshe.

Da ruwan teku ya janye, sai garken gwaggon biri ya gangaro bisa duwatsu, suna ɓamɓaro katantanwar teku suna fasawa da haƙori, uwa na ci, ɗa na leƙen bakinta. Muka zauna nesa muna kallo har inuwa ta karkata. Can sai wata mota ta tsaya, wani baƙo ya miƙo gurasa ta taga, ga kuwa allon hani da tara tsaye a gabansa. Ransa ya ba shi alheri ya ke yi. Birin da ya ɗanɗana gurasa ba ya komawa fasa katantanwa, mota zai riƙa bi, ya koyi buɗe ƙofa, ya fizge jakar yara, in abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa masu tsaron gandu su kashe shi. Wani ƙato ya bar duwatsu, ya karɓi gurasar, ya hau bisa motar ya zauna yana jiran ƙari.