Mun Hau Dutsen Dala Da Labarin Wani Dutse Na Ƙasar Indiya

Wani Alhaji maƙwabcina a Mungadi, wanda ya ke zuwa ƙasar Indiya sarin magunguna, ya same ni a zaure da dare, ya ce yana da tambaya wadda ba ya so almajirai su ji.

Ga abin da ya faru. Abokin cinikinsa, Bahindu, ya ɗauke shi yawon ganin ƙasa har garin Katra a yankin Jammu, inda a ke kama hanyar hawan duwatsun Trikuta zuwa ɗakin bautar wata gunkiya da su ke kira Vaishno Devi. Tafiyar ta kai wajen kilomita 12, duka hawa ne, wasu a ƙasa, wasu bisa dawaki, tsofaffi kuwa a kan ɗauke su a makara irin ta sarauta. Ya ce da yawa daga cikin masu jan dawakin nan Musulmi ne. A ƙarshen tafiyar sai wani kogo, cikinsa kuwa ba mutum-mutumi ba ne abin nufi, waɗansu curarrun duwatsu ne guda 3 da aka yi wa ado da jan ƙyalle da furanni. Miliyoyin mutane su ke zuwa kowace shekara, har ma a ranar 1 ga Janairu 2022 mutum 12 suka rasu a turmutsitsi a wurin. Alhaji ya shiga layi, ya ga abin da ya gani, aka ɗaura masa jan zare a wuyan hannu, kunya ta hana shi ƙi. Tun daga ranar barci ya ƙaurace masa. Ya ce, "Malam, Musuluncina yana nan kuwa?" Kafin in buɗe baki kuma sai ya shiga zaginsu, wai bai taɓa ganin jahilai irinsu ba.

Na ce masa amsar tana Kano. Da ma ina da niyyar zuwa kasuwar Kurmi sayen littattafai, shi kuma yana da kaya a can, sai muka kama hanya tare, ta Jega da Aliero da Tambuwal, muka kwana Sakkwato. Kashegari muka wuce Gusau, muka bar dutsen Kwatarkwashi a gefe, direba na ta sauri don kada yamma ta yi mana a wannan hanya. Allah ya kawo mana zaman lafiya.

Ran Laraba bayan La'asar muka isa gindin Dala. Gidaje sun matse dutsen ta kowane gefe, ruwan sama kuma ya zaizaye shi, jar ƙasa a fili. Akwai matakala ta siminti, amma duk da haka sai da na zauna hutawa sau biyu, Alhaji yana yi mini dariya, wai wannan ai tudun tururuwa ne in an gwada da nasu. Daga sama kuwa birnin duka yana tafin hannunka: ga Gwauron Dutse, ga hasumiyoyin Masallacin Jumma'a, ga Gidan Rumfa, ga Kurmi a ƙasa.

A nan na ba shi labarin da littafin Tarihin Kano ya kawo. Kafin zuwan Bagauda a wajen shekarar 999, a bisa wannan dutse Barbushe ya ke zaune, shi ne babban mai tsafin Tsumburbura, wadda har gobe Kanawa da lafazin mace su ke ambatonta. Wurin bautarta wata itaciya ce da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi. Ba ya saukowa sai kwana biyu a shekara, sa'an nan jama'a su taru daga gabas da yamma da baƙaƙen karnuka da baƙaƙen kaji da baƙaƙen bunsuraye, ya shiga ya fito ya gaya musu abin da zai auku a shekara. Na ce, "Alhaji, waɗannan ba Indiyawa ba ne, kakannin Hausawa ne." Haka Larabawa ma: Lata dutse ce a Ɗa'ifa, Uzza kuwa itatuwa ne a Nakhla, sai a shekara ta 8 bayan Hijira Halidu ɗan Walidu ya sare su.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai, ba Barbushe ba ne, domin shi Manzo bai je masa ba. Wangarawa sun kawo addini zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385. Zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka sare itaciyar tsafi, aka gina hasumiya a gurbinta. To, bayan duk wannan, sai ga Dirki. Shi Dirki wani ƙunshi ne da aka nannaɗe da fatu, sarakuna Musulmi masu salla da azumi suna yanka masa shanu don neman nasara, har zuwa kan Sarki Alwali, 1781 zuwa 1807, wanda ya sa aka fasa shi. Me aka tarar a ciki? Alƙur'ani mai girma! Watau littafin da ya zo don rushe tsafi, shi aka naɗe aka mayar abin tsafi, ba a karanta shi. Ku duba fa, 'yan'uwa. Ɗan kasuwar da ya binne ƙaho a ƙofar shagonsa, da ma'aikacin da ya kai wa boka baƙin bunsuru don ƙarin girma a ofis, da wane baki za su zagi mai hawan dutsen Katra? Ga shi kuwa aya ta 108 ta Suratul An'ami ta hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa, don kada su rama a kan Allah bisa jahilci.

Sa'an nan na ba shi fatawarsa. Yawo a bayan ƙasa don ɗaukar wa'azi Alƙur'ani ya yi umurni da shi. Sai dai Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da ya bi ta gidajen Samudawa a hanyar Tabuka, shekara ta 9, ya hori sahabbai kada su shiga sai suna masu kuka, ya rufe kansa, ya gaggauta wucewa. Kallo daban, shiga layin ibada daban. Na tambaye shi, "Ka rusuna wa duwatsun?" Ya ce a'a. "Ka roƙe su wani abu, ko a zuci?" Ya ce Allah ya tsare. Na ce, "To, ba ka fita addini ba, amma ka yi ganganci, ka nemi gafara, kada ka koma. Abokin nan naka kuma ka ci gaba da cika masa alkawari da kyauta masa, in ya sake gayyatarka ka faɗa masa dalilinka da ladabi."

Ya yi shiru, sa'an nan ya zaro jan zaren daga aljihu. Ashe tun dawowarsa yana ajiye da shi, yana tsoron kada in ya yar wani abu ya sami kasuwarsa. Na ce masa wannan tsoron shi ne ya fi hawan dutsen hatsari. Ya tsinka shi gida biyu, ya saki, iska ta yi gabas da shi. Daidai nan ladanai suka fara kiran Magariba, daga wannan unguwa zuwa waccan, muka sauko a hankali yana riƙe da hannuna saboda gwiwa.