Keshi, Yobo ko Ekong: da wane mudu muke auna ɗan wasan baya?



Tun daren 11 ga Fabrairun 2024 da Kwaddibuwa ta doke mu 2-1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka, akwai musun da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a majalisu da gidajen kallo na nan Kaugama. Matasa sun dage cewa Najeriya ba ta taɓa yin ɗan wasan baya kamar William Troost-Ekong ba. Yayyenmu sun ce duk wanda bai ga Stephen Keshi ba ya ja bakinsa ya yi shiru. Mu kuma 'yan tsakiya muna tambaya: to ina kuka baro Joseph Yobo?

Dukansu ukun a tsakiyar baya suka yi wasa, kuma dukansu sun ɗaura kambun kyaftin na Super Eagles. Abin da na lura shi ne kowa da mudun da yake zuwa da shi wurin musun. Wani iya tsaron gida yake aunawa, wani yana duba wanda ke tashi tsaye idan wuri ya yi wuri, wani kuma shugabanci yake nufi. Abu uku ne daban-daban, muka zuba su a ƙwarya ɗaya, shi ya sa har a tashi ba a fahimci juna ba. Bari in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, iya tsaron gida.

A nan ni dai Yobo nake ba wa. A kakar 2006/2007 ta Firimiyar Ingila, ya buga wa Everton dukkan wasanni 38, kuma ba a cire shi ko na minti ɗaya ba. Ku yi lissafi: minti 3,420 ke nan, ban da ƙarin lokaci. Ɗan baya ba ya yin haka sai ya kauce wa jan kati, ya kauce wa tara katin gargaɗi, ya kula da lafiyar jikinsa, sannan koci bai taɓa ganin wanda ya fi shi a benci ba. A lokacin kuwa masu irin su Drogba da Rooney da Ronaldo ake tarewa. Everton ta ƙare kakar a matsayi na shida, ƙwallo 36 kawai aka zura mata. A gida kuma ya je gasar kofin duniya uku, 2002 da 2010 da 2014, kuma shi ne ɗan Najeriya na farko da ya kai wasa 100 a babbar tawaga.

Amma ku tambayi yaro yau me ya sani game da Yobo. In ma ya san shi, zai ce ai shi ne ya ci gida a wasanmu da Faransa a 2014. Haka ne, ya ci gida, a ƙarin lokaci, bayan Pogba ya riga ya ci mu ɗaya. Shekara goma sha uku yana tare wa ƙasa hanya, sakan ɗaya ya zama sunansa.

Matsalar aikin baya ke nan. Mafi yawansa ba ya fitowa a allo. Ɗan bayan kirki tun kafin a bugo ƙwallo ya riga ya tsaya inda za ta faɗo. Yana tura ɗan gaba zuwa ƙafar da bai iya ba, yana yi wa na gefensa tsawa ya matso, yana riƙe layi don abokin hamayya ya yi satar gida. Idan ya yi duk wannan daidai, abin da mai kallo zai gani shi ne babu abin da ya faru. Wanda ke zamewa a ƙasa yana kwasar ƙafar mutum, gidan kallo ya kaure da ihu, sau da yawa makara ya yi tun farko. Yanzu kuma da yawancinmu taƙaitaccen bidiyo na minti uku muke kallo a waya saboda tsadar data, abin ya ƙara lalacewa: bidiyon ƙwallayen da aka ci yake nunawa, wato ɗan baya ba ya fitowa sai ranar da ya yi kuskure.

Na biyu, tashi tsaye ranar da abu ya kai maƙura.

Hausawa suka ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A wannan mudu babu ja, Ekong ne. A gasar da aka buga a 2024, ƙwallo uku ya ci, kuma babu ta banza a ciki. Shi ya buga fenaritin da muka ci Kwaddibuwa 1-0 a rukuni, a gaban mutanensu. Shi ya buga fenaritin wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu, ya kuma sake ci a bugun raba gardama. Shi ya sa ƙwallo da ka a wasan ƙarshe. Ku tuna fa Osimhen, gwarzon Afirka na 2023, yana cikin fili lokacin da aka ba da fenaritin biyun nan, amma ɗan baya ne ya ɗauki ƙwallo ya ajiye a kan ɗigo. Wannan zuciya ce, ba a koyar da ita a atisaye. Ba yau ya fara ba kuma: a 2019 a Masar, shi ya ci Afirka ta Kudu a minti na 89 muka wuce zagaye na gaba. Don haka kyautar gwarzon gasa da aka ba shi ta dace.

Sai dai mu faɗi gaskiya duka. Kwana huɗu bayan waccan ƙwallo ta 2019, shi ɗin ne ya ci gida a wasanmu da Aljeriya. A kofin duniya na 2018, shi ya rungume Mandzukic aka ba Kuroshiya fenariti. A wasan ƙarshen nan ma, ta gabansa Haller ya shigo ya taɓa ƙwallon da ta kashe mu. Ban kawo waɗannan don in rage masa daraja ba. Ina so ne mu ga yadda mudun “babbar rana” yake da santsi: mutum ɗaya, mako ɗaya, ranar Laraba gwarzo, ranar Lahadi abin zagi.

Mu 'yan Arewa mun fi kowa sanin zafin wannan. Sani Kaita yana cikin tawagar da ta ciyo mana azurfa a Olamfik ta 2008. A 2010 muna cin Girka 1-0 ya kai wa ɗan wasansu ƙafa a bakin layi, aka ba shi jan kati, aka dawo aka ci mu 2-1. Har barazanar kisa aka yi masa. Yau in ka ambaci sunansa, katin nan kaɗai ake tunawa. Irin abin da aka so a yi wa Alex Iwobi ke nan bayan wasan Abijan, har ya goge hotunansa a Instagram.

Kuma in don tsaron gida ne a wannan gasa, ba aikin mutum ɗaya ba ne. Bayan kunnen doki da Equatorial Guinea, koci Peseiro ya koma 'yan baya uku: Ajayi da Ekong da Bassey, ga Nwabali a raga. Wasa huɗu a jere ba a zura mana ƙwallo ba, a wasa bakwai kuma huɗu kawai aka ci mu. Amma ku saurari masu yabon Ekong, kusan kowa ƙwallayen da ya ci yake lissafawa. Wato ko ɗan baya ma, sai ya yi aikin ɗan gaba muke ganinsa.

Na uku, shugabanci.

Ga wani abu da ban ji ana yawan faɗa ba. A wasan ƙarshe na 1994 a Tunisiya, da muka ci Zambiya 2-1 da ƙwallaye biyu na Amuneke, Keshi ne kyaftin ɗin tawaga amma ba ya cikin sha ɗayan farko, Eguavoen ne ya ja su a fili. A 2013 a Afirka ta Kudu, Yobo ne kyaftin, amma mafi yawan gasar a benci ya yi ta, sai daf da tashi daga wasan ƙarshe aka sa shi, ya ɗaga kofi. A 2024 kuma Ahmed Musa ne kyaftin, bai taka fili ba ko sau ɗaya, amma da aka taso wa Iwobi, yana cikin waɗanda suka fara fitowa fili suka ce a bari. Sau uku ke nan babban tawaga yana zaune a gefe. Ashe ja-gora ba sai yana taɓa ƙwallo ba.

A wannan mudu Keshi ba shi da na biyu. Ina ƙaramar sakandare a 1994, don haka wasansa na ƙuruciya a bakin manya na fi jin sa, amma aikinsa na shugabanci da idona na gani. Tun yana ɗan wasa a Beljiyam, a Lokeren da Anderlecht, ya zama ƙofar da 'yan Najeriya da dama suka bi zuwa Turai, ba a banza ake ce masa Big Boss ba. Da ya zama koci, ya kai Togo kofin duniya na 2006, karon farko a tarihinta. A 2013 ya ajiye manyan sunaye irin su Odemwingie da Obafemi Martins, ya ɗauki 'yan wasan gida shida, ciki har da Gabriel Reuben na Kano Pillars. Ya damƙa tsakiyar baya a hannun Oboabona na Sunshine Stars da Omeruo mai shekara 19, kyaftin ɗinsa yana kallo. An zage shi ba kaɗan ba. Sunday Mba, ɗan wasan gida, shi ya fitar da Kwaddibuwar su Drogba, shi ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe. Kofin da muka yi shekara 19 muna jira ya dawo. Shi da Mahmoud El-Gohary na Masar ne suka ci kofin Afirka suna 'yan wasa, suka sake ci suna koci. Kai, shi kansa Ekong ɗin da ake musu a kai, Keshi ne ya fara sa shi a wasa, a Kaduna, ranar da muka kara da Chadi a 2015, shekara guda kafin rasuwarsa.

To in an ce lallai in zaɓi ɗaya fa?

In ƙungiya zan gina daga tushe, Keshi. In fenariti ɗaya ya rage a duniya, Ekong. Amma in kaka guda za a buga, wasa bayan wasa, da rana da ruwan sama, Yobo zan fara rubutawa a takarda. Kuma mudunsa ne nake jin tsoron muna neman yarwa, ba a ƙwallo kaɗai ba.

Mu da muke zaune a bakin fadamar kogin Haɗeja bai kamata a koya mana darajar mai tarewa ba. A ambaliyar 2022 kowa ya ga matasan da suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga, kuma sun cancanci duk yabon da aka yi musu. Amma a shekarar da ruwa bai shigo gari ba, wa ke tambayar wanda ya toshe ɓaraka tun da rani, ko wanda ya shiga ya sare kacala don ruwa ya samu hanya? Babu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa sai mun ga ƙadangaren muke tuna akwai mai yaɓe.

A aikin gwamnati ma haka take. Na kusa shekara ashirin ina ciki. Na ga ma'aikacin rajista da fayil bai taɓa ɓata a hannunsa ba har ya yi ritaya, ko takardar godiya bai samu ba. Na kuma ga wanda zai bar aiki ya taru har ya zama gobara, sannan ya kwana biyu a ofis yana kashewa a gaban oga, a ce masa jarumi. Fom ɗin auna ƙwazo na ƙarshen shekara yana da gurbin abin da ka yi, ba shi da gurbin ɓarnar da ka hana aukuwa. Sannu a hankali sai masu hankali su gane inda lada yake, kowa ya bar gida ya tafi gaba neman suna.

Yaranmu ma sun gane. Ku tsaya a filin firamare da yamma ku ga yadda ake raba wuri. Kowa lamba tara ko goma yake so. Wanda aka raina shi ake ce wa “kai, koma baya”, in an ci su kuma shi za a fara zagi. Yaron da ke da natsuwa da karanta wasa, wanda da zai zama lamba biyar na gaske, sai ya gudu gaba ya zama ɗan gaba na banza. Bayan shekara goma mu dawo gidan kallo muna kukan Najeriya ba ta da 'yan baya.

Roƙona ga masu horar da yara a unguwanni, daga Kaugama har Marke da Yalo, da masu sa kofi lokacin hutu ko bayan Sallah: yadda kuke ware kyautar wanda ya fi cin ƙwallo, ku ware ta ɗan bayan da ya fi, ko da riga ce ɗaya. Ku kira sunansa a lasifika a gaban iyayensa. Mu kuma masu kallo, ko sau ɗaya a wata mu daure mu kalli wasa cikakke, mu ɗauke ido daga kan ƙwallo na minti goma, mu bi lamba huɗu da lamba biyar mu ga abin da suke yi.

Na san mutanen Ekong ba za su bar ni ba, musamman ƙannena na gidan kallo. Bismillah, fili naku ne. Sharaɗi ɗaya kawai: kafin ka faɗi sunan gwaninka, ka fara faɗa mana mudun da ka auna shi da shi.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka.