Kafin Bindigar Gado Ta Bar Gida

Damina ta ja baya, ciyawa ta fara bushewa, an kuma fara sauko da bindigogin toka daga saman rufi da ƙarƙashin gado. A irin wannan lokaci ne tsofaffin bindigogi suke canza hannu tsakanin maharba, daga cikin garin Lafiya har Shabu, Kwandare da Asakiyo. Akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana a wannan ciniki, muna ganin lokaci ya yi da za mu faɗa wa juna gaskiya a kanta.

Mu da muka tashi a gidajen farauta mun san yadda iyayenmu suke yi. Maharbi ya dawo daga daji, ko da hannu biyu ya dawo, ba ya kwanciya sai ya wanke bindigarsa. A dafa ruwa, a zuba a bututu har sai ya daina fitowa baƙi, a naɗa tsumma a sandar ɗuri a goge, a jingine ta baki ƙasa ta tsane, sannan a shafa mai kaɗan. Muna yara mun ɗauka tsabar son bindiga ne. Ashe albarushi idan ya ƙone yana barin wani dauɗa mai gishiri-gishiri da ke jan laima, ita kuma laima ta haifi tsatsa. A nan Lafiya kuwa, inda ruwa kan fara tun watan Afrilu ya kai Oktoba, bindigar da aka harba aka ajiye ba wanki tana iya yin wata shida tsatsa na cin ta ta ciki, alhali ta waje kamar ba abin da ya same ta.

To yau me ake yi? Mutum zai sayar da bindiga, sai ya samo takardar goge ƙarfe ya kankare bayan bututu, ya shafa baƙin mai, ya yi wa icen fenti, wani har ya ɗaura mata sabuwar laya. Tana ƙyalli kamar amarya. Cikin bututun kuwa, inda ran mai harbi yake, ko leƙawa bai yi ba. Wani ma ya leƙa, ya ga ramukan da tsatsa ta yi, shi ya sa ya cika shi da mai don kada mai saye ya gani.

Ba wanda ya hana a gyara kaya kafin a kai kasuwa. Mai sayar da babur yana wanke shi, mai rago yana yi masa wanka da sabulu. Amma malamanmu sun sha faɗa a wajen karatu cewa ɓoye aibin kaya ha'inci ne, kuma mai saye yana da damar mayarwa idan aibin ya bayyana. Sai dai a nan, ranar da aibin zai bayyana, bututu ne zai tsage a hannun mutum. Kusan kowannenmu ya san wani dattijo mai guntun yatsu ko ido ɗaya, in an tambaya a ce bindiga ce ta fashe masa. Wa zai mayar masa da yatsunsa? Kuma mu tuna yawancin bindigoginmu aikin maƙeran gida ne, kaurin ƙarfen wannan daban da na waccan. Masu kwance harsashin zamani suna juye garinsa a bindigar toka don ta ƙara ƙarfi, su kam sun riga sun sayar da hannunsu, ranar karɓa kawai ake jira.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne bindigar gado. Tsoho ya rasu, 'ya'yansa ɗaya malamin makaranta ne, ɗaya yana tuƙa Keke Napep, ba wanda ya gaji farauta. Sai a ce a sayar a raba kuɗin. Abin da ba su sani ba, tsofaffi da yawa da ɗuri suke ajiye bindiga saboda ɓarayi ko birai a gona. Ita kuwa bindigar toka ba a karya ta a duba kamar ta zamani, kuma albarushi idan bai jiƙa ba yana iya shekaru bai mutu ba. Sai a miƙa wa yaro ya goge, ko a kai wa maƙeri ya kanga ta a wuta don ya kwance abin da ya ciza. Hanyar dubawa ba wuya: a zura sandar ɗuri har ta tsaya, a yi alama, a fito da ita a gwada ta waje. In ba ta kai gindin bututu ba, akwai abu a ciki. Daga nan a bar wa Sarkin Baka ko wani tsohon maharbi, kada a ce za a gwada harbawa a tsakar gida.

Sai maganar wanda za a sayar wa. Dokar makamai ta 1959 ba ta bar bindigar toka a baya ba: riƙe ta yana buƙatar lasisi daga kwamishinan 'yan sandan jiha, kuma dokar ta hana miƙa bindiga ga wanda bai nuna takardarsa ba. Mun san da yawa za su yi murmushi, su ce kakanninmu wace takarda suka yanka? Gaskiya ne. Amma kakanninmu ba su ga abin da muka gani a Alakyo a watan Mayun 2013 ba, lokacin da aka kashe jami'an tsaro masu yawa a nan kusa da mu, kuma a zamaninsu ba a sace mutum a hanyar gona a nemi kuɗin fansa. Yau in aka kama bindiga a wajen aika-aika, tambayar farko ita ce daga hannun wa ta fito, kuma unguwa ta san bindigar gidan kowa kamar yadda ta san akuyarsa. Baƙon da ya zo da kuɗi a hannu, bai taya ba, bai leƙa bututu ba, bai tambayi irin naman da ta saba kayarwa ba, ba farauta ce ta kawo shi ba.

Shawararmu ga 'yan ƙungiya ita ce duk mai niyyar rabuwa da bindiga a kakar bana ya fara sanar da shugabannin maharba na unguwarsa. A wanke ta a gaban mai saye, a bar bututun a bushe ba mai, a haska tocila kowa ya gani da idonsa. Wadda tsatsa ta riga ta cinye, a kai wa 'yan sanda ko a sa maƙeri ya yanka bututun a gaban shaidu. Icen da layar kuma a bar wa magada su rataye a zaure.