Faɗan da na yi wa Auta

A gidanmu na Tsibiri ni ce na yi lakwal, don haka duk takardar likita sai ta biyo ta hannuna. Wannan matsayin ne ya sa na cuci ƙanwata wata da watanni ina ganin taimakonta nake yi. Da yardarta nake ba da labarin, don na san akwai irinta da yawa a bayan danga, sun yi gum da bakinsu.

Auta ta sha doguwar naƙuda a haihuwarta ta uku. Bayan ta fita wanka sai muka lura ta canza. In ta yi tari, ko ta ɗaga bokitin ruwa, ko ta kama taɓarya, sai fitsari ya zubo mata, wani lokacin har iska ta kuɓuce. Ta daina zuwa biki da suna. Tsummokaranta a cikin ɗaki take shanya su, bayan ƙyaure, don kada kishiya ta gani a igiya. Da zafin bazara tana wuni ba ta sha ruwan kirki ba, wai don ta rage zubar. Abin da ya fi ci mata rai shi ne alwala, sai ta sake ta sau biyu sau uku kafin ta sallame.

Tsoronmu na farko yoyon fitsari ne, domin a ƙasar nan ba baƙon abu ba ne. Saboda shi aka buɗe cibiyar Danja a kudu da Maraɗi a 2012, ga kuma Babbar Ruga a Katsina da mata suka daɗe suna tsallaka iyaka dominta. Wata ungozoma a Maraɗi ta zuba mata ruwa mai shuɗi a mafitsara, ta duba, ta ce babu huji. Tsokar da ke shimfiɗe a ƙasan mara ce ta saki, wadda ke tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura, kuma motsa ta kullum zai dawo da ƙarfinta. Layi ya yi tsawo a waje, sai ta yi mini bayani a gurguje, ta ce in koya mata a gida, mu dawo a duba. Ba mu koma ba, ni kuwa na ce ai na gane.

Kunya ta hana ni kiran abu da sunansa. Iyakar abin da na ce mata shi ne, "Auta, ki riƙa yin ƙarfi ta ƙasa, safe da rana da dare." Na ƙara da wata dabara da na tsinta a bakin mata, wai ta riƙa tsayar da fitsari a tsakiya duk lokacin da ta zagaya. Da abin ya ƙi sauƙi sai na ɗora mata laifin lalaci. Na yi mata faɗa a gaban Inna, na ce wanda bai taimaki kansa ba babu mai taimakonsa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Wallahi Yaya ina yi, har kaina ke sarawa."

Da na yi hankali, wannan maganar ta isa ta farkar da ni. Ciwon wani yaronta ne ya sake kai mu Maraɗi, muka faɗa hannun wata ma'aikaciyar da ta san aikin horar da jiki. Ta sa safar hannu, ta gwada ta da yatsa, ta ce ta yi yadda ta saba. Auta ta cika ƙirji da iska, ta riƙe numfashi, ta yunƙura kamar mai naƙuda. Ashe duk tsawon lokacin nan turawa take yi ƙasa, tana ƙara danne tsokar da ake so ta ɗaga. Matar ta ɗora ɗaya hannun a cikinta ta ce, "Saki nan. Yi numfashi. Yanzu yi kamar iska za ta fita a cikin taro kina riƙe ta, ki jawo sama." Bayan 'yan gwaje-gwaje sai ta ce, "Yawwa, wannan ce, na ji ta." Ta kuma hana ta wasa da fitsari a tsakiya, don yana hana mafitsara juyewa sarai, ta ce ta koma shan ruwanta.

Daga baya na gane ba Auta kaɗai ba ce. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1991 ya gwada mata 47 bayan an yi musu bayani da baki kawai. Kusan rabinsu ne suka yi daidai, kashi ɗaya cikin huɗu kuwa sun yi ta hanyar da ke iya ƙara zubar. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan lalurar mai jikin ba ta ganin wurin, sau da yawa haihuwa ta ma rage mata jin sa. Tana bukatar wani abu daga waje da zai gaya mata ta yi daidai ko ta kauce.

Kan haka aka gina hanyar da likitoci ke kira bayofidbak. Likitan mata Arnold Kegel ya bayyana motsin a 1948, tare da wata na'ura mai auna ƙarfin matsi. A yau ana saka ɗan ma'auni a gaba ko a dubura, a haɗa shi da allo. In mutum ya matse layi ya hau, in ya saki ya sauka. Na'urar ba ta yin komai a jiki, nuni kawai take yi, mutum ya gyara da kansa. Tana da amfani sosai ga masu akasin matsalar Auta, waɗanda tsokarsu ke ƙullewa a daidai lokacin da suka yunƙura a makewayi. Irinsu ne a nan ake ce wa basir ne, su yi ta ɗirkar filasko da jiƙe-jiƙen masu lasifika na kasuwa. A wani gwaji a Italiya a 2006, kashi 80 cikin ɗari na masu wannan ƙullewar sun samu sauƙi sosai da horon na'ura, alhali cikin masu shan maganin sakin ciki kashi 22 ne kacal.

Sai dai kada a ce sai mai na'ura ke warkewa. A Birtaniya an bi mata 600 masu zubar fitsari, aka fitar da sakamako a 2020, kuma ƙarin na'urar bai fi horon da ƙwararre ke sa wa ido ba. Ke nan abin da ba a iya tsallakewa shi ne wanda ya sani ya duba ya tabbatar, ko da yatsa ne. Bayan haka sai haƙuri: matsewa kamar takwas, sau uku a rana, aƙalla wata uku. Kuma in akwai huji, motsi ba ya rufe shi, wannan aikin tiyata ne, shi ya sa dubawa ke zuwa farko.

Auta ta samu sauƙi mai yawa, ko da yake har yanzu tana kiyaye ɗaukar kaya mai nauyi. Na nemi gafararta a gaban Inna, tunda a nan na kunyata ta. Yanzu in an aiko ni da saƙon likita, ina roƙon a nuna wa mai ciwon da kanta, ta maimaita a gaban mai nunawa, kuma ranar komawa ba na ɗage ta. In kuwa marar lafiya ya ce yana yi amma bai ga sauƙi ba, tambayata ta farko ita ce ya nuna mini yadda yake yi.