A Gabon, Daji ne Ya Zaɓi Manhaja

Duk direban tasi a Libreville ya san mahaɗar IAI. Sunan makarantar kwamfuta ce da ƙasashen Afirka rainon Faransa suka haɗu suka kafa a 1971, tun kafin a gina yawancin jami'o'in Arewa. Kusa da nan na sauka, gidan wani Bahaushe mai shagon yadi a kasuwar Mont-Bouët.

Ɗansa ya gama digirin farko, yana neman na biyu a fannin ƙirƙirarriyar basira, sashen da ke kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Muna shan shayi ya ce, "Kawu, PyTorch zan kama ko TensorFlow?"

Na ce masa dukansu kyauta ne, da yaren Python ake sarrafa su, kuma masu bincike yau sun fi karkata ga PyTorch. Sai dai manhaja riga ce, ana sauya ta. Abin da ya kamata ya tsananta bincike a kai shi ne kwas ɗin: akwai aljabara da ƙididdiga masu zurfi a ciki? Malamin da zai duba aikinsa yana wallafa bincike? Jami'ar kimiyya ta ƙasar tana can Franceville. A Kigali kuma cibiyar lissafi ta AIMS ta buɗe digiri na biyu a wannan fanni a 2018, amma da Turancin Ingilishi ake karatu, wanda shi ne babban shingen yaran Gabon.

Abin da ya fi ratsa ni aikin daji ne. A 2002 Gabon ta keɓe gandun daji 13. Ana ɗaura kyamarori a jikin bishiyoyi, su ɗauko dubban hotunan giwaye da birai, har tantancewa ta gagari ma'aikata. Sai hukumar gandun dajin ta haɗa kai da Jami'ar Stirling da kamfanin Appsilon aka ƙera Mbaza, manhajar da ke gane dabba a hoto. A kwamfutar cinya take aiki, babu ruwanta da intanet, domin a tsakiyar kurmi ba sabis. Matsalar ce ta tsara kayan aikin, kuma a ganina wannan ne daidai.

Ɗalibanmu na Kano da Zariya, kafin ku cike fom, ku fara tsayar da matsalar da za ku warware: cutar gero ce, ko karanta rubutun ajami? Sannan ku nemi malamin da ya san ta.